Yadda za ka zaɓi bindigar farauta daidai kuɗin da ke hannunka

Tambayar da maharba da manoma suka fi turowa ita ce: "Ina da kuɗi kaza, wace bindiga zan saya?" Wani yana son a raba masa gardama tsakanin mai baki ɗaya da mai baki biyu, wani tsakanin sabuwa da ta hannu. Abin da ke ƙasa ya shafi bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma, wadda ake mallaka da lasisi a Najeriya. A bi matakan yadda aka jera su, domin yawancin asarar da ake yi a wannan harka daga tsallake na ɗaya da na uku take fitowa.

1. Fara da takarda

Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne na haramtattu: bindigogin yaƙi, masu sarrafa kansu da fistol, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Gida na biyu shi ne na bindigogin da mutum zai iya riƙewa don kansa da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma a nan ne bindigar farauta mai baki ɗaya da mai baki biyu suke, har da bindigar iska da wasu ke ɗauka kayan wasa ce. Gida na uku shi ne na bindigogin da ake ɗurawa ta baki, wato adaka da danginta, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha.

Dokar ta faɗa ƙarara cewa lasisi ba haƙƙi ba ne da za ka tsaya a kai, ana iya hana ka. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali a cikin shekara biyar da suka wuce.

Abu na farko da za ka yi shi ne zuwa hedikwatar 'yan sandan jiharku da ƙafarka, ka nemi sashen da ke kula da lasisin bindiga, ka tambaya ko ana bayar da sabo a yanzu. Wannan tambaya tana da nauyi, saboda a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisi. Idan aka ce maka ƙofa a rufe take, ka adana kuɗinka ka jira. Idan a buɗe take, ka karɓi jerin takardun da ake buƙata da adadin kuɗin a rubuce, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasit na gwamnati.

Gargaɗi: Maganar gwamna ko ta basarake ko katin ƙungiyar maharba ba sa maye gurbin lasisi. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga, amma 'yan sanda suka amsa cewa takunkumin bayar da lasisi yana nan. Takardar da ta fito daga hukumar da doka ta ambata ita kaɗai ce za ta tsaya maka a gaban alƙali.

Gargaɗi: Duk wanda ya ce "kawo kuɗi in fito maka da lasisi cikin sati ɗaya" ba tare da ka taka ofis ba, jabu zai kawo maka. Riƙe bindiga da takardar jabu laifi biyu ne a wuyanka.

Gargaɗi: Bindigar nan da ake jan katakon gabanta ta ɗura wani harsashi da kanta tana jan ido, amma dokar ta cire duk mai na'urar sake ɗuri daga gida na biyu, kuma a 2018 'yan sanda sun sa ta cikin waɗanda suka ce a miƙa. Fitar da ita daga lissafinka tun yanzu.

2. Faɗa wa kanka gaskiyar abin da za ka harba

Ka ɗauki takarda ka rubuta naman da kake bi a shekara, da yawan fitarka, da nisan da kake harbi. Yawancin masu tambayar nan abin da suke bi bai wuce zabon daji, fakara, kurciya, hasbiya, zomo da gyazbi ba, sai agwagwar ruwa ga na kusa da fadama. Duk waɗannan ana samunsu ne tsakanin taku 20 zuwa 40. Bindiga mai watsa dalma aikinta yana ƙarewa a wajen mita 35 zuwa 40, komai tsadarta. Wanda ya ce maka tasa tana kayar da zabo daga mita ɗari, labarin dandali yake ba ka. Abin da harbin nesa ke haifarwa shi ne dabba ta tafi da rauni ta mutu a wani wuri, kai ka yi asarar harsashi, naman kuma ya zama mushe.

Idan naman da kake bi a zaune yake ko yana kiwo, harbi ɗaya ya ishe ka. Idan tsuntsu ne da ke tashi garke guda, kamar kirinjijiya a bakin tafki, harbi na biyu yana da amfani. Wannan bambancin shi zai raba maka gardamar baki ɗaya da baki biyu a mataki na biyar.

Gargaɗi: Lasisin bindiga daban, izinin farauta daban. Na biyun a ma'aikatar da ke kula da gandun daji ta jiha ake nemansa. Ba a farauta a Yankari, Gashaka-Gumti, Kainji, Kamuku ko Falgore, kuma akwai dabbobin da doka ta kare su ko ina ka gan su.

3. Kasa kuɗin kafin ka ga bindiga

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Mutum zai shiga shago da duk abin da ya tara daga amfanin gona, ya ga mai sheƙi, ya zube kuɗin gaba ɗaya. Ya koma gida ba harsashi, ba akwatin ajiya, sai ya tura ta ƙarƙashin gado inda yara ke wasa.

Kuɗin bindigar kanta kada ya wuce kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari na abin da ka ware. A ɗauka naira 500,000 ce a hannunka. Rabon da ya dace shi ne kamar haka: 290,000 na bindiga, 50,000 na takardu, hotuna, gwajin asibiti da zirga-zirgar ofis, 75,000 na harsashi, 50,000 na akwatin ƙarfe da kwaɗo, 15,000 na kayan gogewa da jaka da abin toshe kunne, 20,000 kuma ka bar su a gefe saboda gyaran da zai iya tasowa a watannin farko. Wannan misalin rabo ne kawai. Bindiga da harsashi yawanci daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin da aka faɗa maka bara ba ya aiki bana. Ka nemi farashi a rubuce daga dillalai masu rajista aƙalla uku a cikin sati guda, sannan ka ɗora rabon a kai.

Idan kason bindiga bai kai kuɗin mafi araha mai lafiya ba, kada ka ci kason harsashi ko na akwati don ka cike. Ka ƙara kaka ɗaya kana tari.

Akwai kuma lissafin da ba a cika yi ba. Harsashi yana zuwa 25 a kwali. Mai fita sau biyu a sati a tsawon rani yana iya ƙona kwali shida zuwa takwas a shekara. A 'yan shekaru kaɗan kuɗin harsashin zai wuce na bindigar. Saboda haka tambayi farashin kwali tun kafin ka tambayi na bindiga, ka ninka shi da yawan fitarka, ka ga ko aljihunka zai ɗauka. Ga kuɗin sabunta lasisi shi ma, wanda yake dawowa.

4. Zaɓi lambar bututu da harsashin da ake samu kusa da kai

Ana kiran faɗin bututu da lamba, kuma lamba mafi ƙanƙanta ita ce mafi faɗi. Lamba 12 faɗinta wajen milimita 18.5 ne, lamba 16 wajen 16.8, lamba 20 wajen 15.6. Akwai kuma 'yar siririya mai lamba .410, wadda ita lambarta awon faɗinta ne da inci.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, lamba 12 ita ce zaɓi. Harsashinta ya fi samuwa, kuma tana ɗaukar dalma gram 28 zuwa 36, abin da ya isa daga kurciya har dinya. Lamba 20 ta fi sauƙin ɗauka, tokarinta a kafaɗa ya fi sauƙi, tana da kyau ga dattijo ko mai ƙaramin jiki, amma sai ka tabbatar dillalin da ke kusa da kai yana kawo harsashinta a kai a kai. Lamba 16 sau da yawa za ka gan ta da araha a tsofaffin bindigogi, kuma dalilin arahar shi ne wahalar harsashi. Bindigar da ba ka samun abincinta sanda ce mai nauyi.

Sai tsawon ɗakin harsashi, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu, wanda ake bugawa a jikin bututu ko a ƙasansa idan ka cire katakon gaba. Za ka ga 12/70 ko 12/76. Lamba ta biyu milimita ce. Mai 76 tana cin harsashin 76 da na 70. Mai 70 tana cin na 70 da wanda bai kai shi tsawo ba, ba ta cin na 76. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa 65 ne.

Gargaɗi: Harsashin 76 yana shiga ɗakin 70 ya rufe lafiya lau, saboda ana auna tsawon kwanso ne bayan ya buɗe. Idan ka harba, bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa, matsin ya yi yawa, ƙarfe ya wahala ko ya tsage. Karanta lambar kwali, ka karanta ta bututu, kowane lokaci.

Gargaɗi: Kada harsashin lamba 20 ya haɗu da na 12 a aljihu ɗaya. Na 20 yana zamewa cikin bututun 12 ya maƙale a gaba, ɗakin ya zama kamar babu komai, ka sa na 12 a bayansa ka harba. Bututu yana fashewa daidai inda hannun hagunka yake. Yawancin kamfanoni suna yi wa na 20 launin rawaya saboda wannan.

Girman ƙwayar dalma kuma ka duba shi da milimita, domin lambobin ƙasashe sun ɗan saɓa. Milimita 2.5 zuwa 2.8 na kurciya da fakara, 3 zuwa 3.3 na zabo da zomo da agwagwa, mai alamar BB, wato 4 zuwa 4.5, na dinya da gyazbi. Masu sayen manyan ƙwayoyi don kowane nama suna zaton ƙarfi suke ƙarawa, alhali yawan ƙwayoyin suke ragewa, tsuntsu ya bi ta tsakaninsu ya wuce.

5. Baki ɗaya ko baki biyu

Mai baki ɗaya da ake karyawa a tsakiya ita ce jakin dawa. Kayan cikinta kaɗan ne: kunama ɗaya, allurar da ke bugun gindin harsashi ɗaya, sifirin kaɗan. Abin da zai lalace ba shi da yawa, kuma idan ya lalace gyaransa ba ya cin kuɗi. Nauyinta yana wajen kilo 2.7 zuwa 3, abin da za ka gode wa Allah a kai bayan tafiyar wuni. Aibinta biyu ne: harbi ɗaya gare ka, kuma rashin nauyin yana sa ta tokari kafaɗa sosai idan ka sa harsashi mai gram 36. Baikal ta Rasha, samfurin IZH-18 wanda daga baya aka koma kira MP-18, ta yi suna a wannan aji saboda juriya, ko da yake ba ta da ado. Kamfanonin Turkiyya irin su Huglu da Yildiz da na Brazil irin su Boito su ma suna yin bindigogi masu sauƙin kuɗi.

Mai baki biyu iri biyu ce: mai bututu gefe da gefe, da mai ɗaya bisa ɗaya. Tana ba ka harbi na biyu nan take, kuma yawanci bututun biyu matsin bakinsu, wato ƙuncin ƙarshensu, ya bambanta, ɗaya na kusa ɗaya na nesa. Nauyinta kilo 3.2 zuwa 3.5. Amma haɗa bututu biyu su riƙa kai dalma wuri ɗaya aiki ne mai wuya, kuma nan ne masu araha suke rage kuɗi. Za ka sami wadda bakin dama ke bugun inda ka saita, na hagu kuma yana kaucewa da kamu biyu, kuma wannan ba ya gyaruwa da ɗan kuɗi.

Hukuncin a nan a fili yake. Idan kasonka ya isa sabuwar mai baki ɗaya daga sanannen kamfani, ko kuma mai baki biyu mafi arha wadda ba ka san sunan maƙerinta ba, ɗauki mai baki ɗaya. Mai baki biyu sai idan kuɗin ya kai na mai suna, ko ka sami ta hannu wadda ta ci jarrabawar mataki na shida.

Game da tsawon bututu, santimita 71 zuwa 76 ya wadatar. Bututu mai tsawo sosai ba ya ƙara nisa yadda ake faɗa, sai dai ya riƙa kama reshe a cikin sarƙaƙiya. Abin da ke riƙe dalma a dunƙule shi ne matsin baki, wato ɗan ƙuncin da ake yi wa ƙarshen bututu. A bindigogin Turai ana nuna shi da taurari: tauraro ɗaya cikakken matsi, uku rabin matsi, huɗu kwata. Rabin matsi ya fi dacewa da mai bindiga ɗaya tilo. Cikakken matsi a taku goma sha biyar yana dagargaza zabo har ba abin da za a kai tukunya.

Gargaɗi: Adaka da sauran ƙirar gida sun fi komai araha, kuma suna da tarihinsu a hannun maharba. Amma wadda aka yi da bututun ruwa ko wani ƙarfen da ba a gwada ba, ba wanda ya san iyakar matsin da za ta ɗauka. Mafi muni ita ce ƙirar gida mai cin harsashin kamfani, domin albarushin kamfani ya fi na gargajiya matsi nesa ba kusa ba. Yatsu da idanu da yawa sun tafi ta wannan hanya. Ƙera bindiga ba izini kuma laifi ne a dokar.

6. Duba ta hannu kamar yadda ake duba saniya a kara

Ta hannu mai lafiya tana iya ba ka bindigar da ta fi ƙarfin kuɗinka. Marar lafiya kuma tana iya cinye kuɗin da hannun. Ka je da rana, ka je da wanda ya san bindiga, Sarkin Baka ko wani dattijon maharbi, kuma kada ka yarda a duba a cikin ɗaki mai duhu. Kafin komai, karya ta ka ga ɗakin harsashi babu komai, ko da mai ita ya rantse.

Fara da lambar shaida da kamfani ya buga wa bindigar, ba lambar faɗin bututu ba. Lambar da ke jikin uwar bindigar ta dace da ta bututu, ta dace da ta takarda, harafi da harafi. Idan ka ga alamar an goge da zarto, ko an sake bugawa, ko wurin ya fi sauran jiki haske, mayar masa da kayansa ka tafi. Ba sauran abin dubawa.

Sai bututu. Cire shi, ka goge cikinsa da tsumma, domin mai yana ɓoye aibi. Ɗaga shi sama ka leƙa ta ɓangarorin biyu. Lafiyayye za ka ga zobba na haske a jere, zagayayyu, ɗaya cikin ɗaya. Inda zoben ya karkace akwai lotsawa ko kumburi. Ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar zanen zanzana ramukan tsatsa ne. 'Yan kaɗan marasa zurfi ana zama da su a rage farashi, masu zurfi kusa da ɗakin harsashi kuwa ba a sayensu. Bi bayan bututun da yatsu daga gindi zuwa baki, ido a rufe, yatsa yana jin kumburin da ido bai gani ba. Kumburi alama ce an taɓa harbawa da wani abu toshe a ciki, kuma ƙarfen wurin ya riga ya yi rauni.

Idan mai baki biyu ce, rataye bututun a yatsa ta ƙugiyarsa ka ɗan ƙwanƙwasa da farce ko ɗan ice. Lafiyayye yana amo kamar ƙararrawa. Idan ya yi ƙara a dushe kamar fasasshiyar tukunya, ƙarfen da ya haɗa bututun biyu ya fara saki, ruwa ya shiga, tsatsa na ci daga ciki.

Mayar da bututun, ka rufe, amma ka bar katakon gaba a cire. Riƙe ta ta gindi ka girgiza. Bai kamata ka ji motsi ko kaɗan ba. Ɗaga mahaɗar zuwa haske: idan haske yana ratsawa tsakanin gindin bututu da fuskar uwar, ko siririyar takarda tana shiga, bindigar ta saki. Duba kuma hannun buɗewa na sama. A sabuwa yakan tsaya ɗan dama da tsakiya. Idan ya wuce tsakiya ya koma hagu, makullin ya cinye.

Duba katako a wuyansa, daidai bayan ƙarfe, inda hannun dama ke kamawa. Nan yake tsagewa. Idan an naɗe wurin da waya ko roba ko fata, a kwance a gani. Ƙananan huda da gari a jiki aikin ƙwari ne.

Daga ƙarshe gwada sefti da kunama, da kwanson gwaji marar albarushi a ciki don kada allura ta karye. Sa sefti ka ja kunama da ƙarfi: kada ta faɗi. Cire sefti, ka bugi gindin da tafin hannu: kada ta faɗi da kanta. Bindigar da ke tashi da bugu za ta tashi ranar da ka yi tuntuɓe. A mai baki biyu, ja kunama ɗaya ka tabbatar ɗayar ba ta bi ta ba.

Gargaɗi: Sabon fenti baƙi a kan tsohuwar bindiga abin zargi ne. Haka walda a ko ina a jikin bututu.

Gargaɗi: Lasisi na mutum ne, ba ya bin bindiga. Takardar mai sayarwa, ko ta mahaifinka da ya rasu, ba ta rufe ka. Sai an yi canjin suna a wurin 'yan sanda kafin ta kwana a gidanka.

7. Gwada ta a kafaɗarka

Bindiga mai watsa dalma ana nuna ta ne kamar yatsa, don haka dole ta dace da jikinka. Da farko gano idon da ke jagora: miƙa hannu, ka rufe wani abu mai nisa da babban yatsa ido biyu a buɗe, sannan ka rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da ya bar yatsan a kan abin shi ne jagora, kuma a kafaɗar wannan ɓangaren ya kamata ka ɗora.

Sa rigar da kake fita da ita. Rufe ido, ɗaga bindigar zuwa kunci da kafaɗa, sannan ka buɗe. Ya kamata ka ga ɗan ƙwallon saiti zaune a ƙarshen bututu, tsakiya. Idan bayan bututun kake gani da yawa, za ta riƙa bugu sama. Idan ƙwallon ya ɓace, ƙasa. Tsakanin hancinka da babban yatsan hannun da ke riƙe da wuya a sami faɗin yatsu biyu zuwa uku. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi yawanci santimita 36 ne. Gajere ana ƙara masa roba, wadda kuma ke rage tokari. Dogo kafinta mai hankali yana rage shi.

8. Biya, ka karɓi shaida, ka kai ta gida

Saya daga dillali mai rajista kaɗai, kuma ka nemi ganin takardar rajistarsa. Dillalin gaskiya shi ma zai nemi taka kafin ya miƙa maka komai. Wanda bai tambaye ka takarda ba, kayansa ba na halal ba ne. Rasit ya ƙunshi sunan kamfani, samfuri, lambar bututu, lambar bindiga, kwanan wata da hatimi. Harsashi ma haka: lasisi ne ke ba ka damar riƙe shi, kuma kada ka wuce adadin da aka rubuta maka.

Kada ka sayi harsashin da aka zazzage daga kwali ana sayarwa ɗai-ɗai a leda. Wanda gindinsa ya yi tsatsa ko jikinsa ya kumbura ya sha damshi, wani kuma an sake ɗura shi a gida da abin da ba ka sani ba.

Wajen ɗauko ta, a raba ta biyu, babu harsashi a ciki, a cikin jaka, harsashi a wata jakar daban, asalin lasisi a aljihunka. A shingen jami'an tsaro ka faɗa da bakinka kafin a bincika.

Gargaɗi: Tafiya mai nisa da bindiga a wannan zamani tana da haɗarin da ya wuce na doka. A watan Maris na 2025 an kashe maharba 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Allah Ya jiƙansu. Idan tafiyar ba dole ba ce, bar ta a akwati. Lasisin Najeriya kuma ba ya aiki a Nijar ko Kamaru ko Chadi, ko da dajin ɗaya ne.

9. Gwajin takarda kafin fita ta farko

Ware harsashi goma don wannan, kuɗinsu bai tafi a banza ba. Nemi wuri mai tudu ko gaɓar rafi a baya, nesa da gari da hanyar makiyaya. Kafa kwali mai faɗin mita ɗaya, ka yi ɗigo a tsakiya, ka koma mita 30. Toshe kunne. Harba sau uku, kowanne a sabon kwali. Zana da'ira mai faɗin santimita 76 a inda ƙwayoyin suka fi taruwa.

Abu biyu kake nema. Na ɗaya, tsakiyar tarin ta dace da ɗigon ko ta ɗan hau sama kaɗan. Na biyu, kada a sami fili a cikin da'irar da zabo zai shige ba a taɓa shi ba. Idan akwai irin wannan fili, canza kamfanin harsashi ko girman ƙwaya kafin ka zargi bindigar, domin kowane bututu da abincin da ya fi so. Maimaita a mita 20 da 40. Inda tarin ya fara yagewa, nan ne iyakarka. Duba kwanson da ka fitar: idan ya tsage, ko ya kumbura a gindi, ko allura ta huda shi, dakata ka mayar wa dillali.

Gargaɗi: Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, bar bakin yana kallon tudu, ka ƙirga talatin kafin ka karya. Harsashin da ya sha damshi yakan yi jinkiri. Idan kuma ƙarar ta fito a raunane, leƙa bututu kafin ka sake ɗurawa, wataƙila toshiyar harsashin ta tsaya a ciki.

10. Ajiya da gogewa

Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a kafe shi da bango ko ƙasa, a ɗakin da yara da baƙi ba sa shiga. Maƙerin ƙofa na unguwa zai iya haɗa shi da ƙarfe mai kaurin milimita 2 zuwa 3. Harsashi a wani akwatin da wani makullin, a ɗaga shi daga ƙasa saboda damshi, nesa da murhu da zafin kwano. Makullan su zauna a jikinka. Idan ta ɓace ko an sace, doka ta ɗora maka kai rahoto ga 'yan sanda, kuma ka yi shi a ranar.

Bayan kowace fita, tura tsumma da sanda daga gindi zuwa baki har ya fito fari, sannan ka bi da wani mai ɗan mai. Man keken ɗinki yana aiki idan ba ka sami na bindiga ba. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su riƙe allura. Da hunturu rage mai a kayan ciki, domin ƙura tana haɗuwa da shi ta zama kamar yashi. Da damina kuma fito da ita duk sati biyu ka shafa, kuma kada ka bar ta cikin jakar fata ko ta leda, suna riƙe gumi. Ajiye ta baki ƙasa don kada mai ya gangara ya jiƙa katako.

Gargaɗi: Zanzaro yana son bututun bindiga. Cikin 'yan kwanaki zai gina ɗakinsa na laka a ciki, daga waje ba ka ganin komai. Haka taɓo idan bakin ya taɓa ƙasa a fadama. Duk safiyar da za ka fita, karya ta ka leƙa, sai ka ga hasken rana zagayayye a ɗaya ƙarshen sannan ka sa harsashi.